Allin Tela a Bangon Sito

Ni tela ce, shekara ashirin da biyu ina taka keke, karatuna kuwa bai wuce sakandare ba, ita ma da ƙyar na kai ƙarshe. Amma ka tambaye ni baƙin ramin sararin samaniya, zan gaya maka abin da wani mai digiri bai sani ba. Ba hazaƙata ba ce, yayana ne ya cika mini kunne da zancen har ya zauna mini a ka.

Mu biyu iyayenmu suka bari, shi babba ni auta, shekara tara a tsakaninmu. Tun yana yaro Yaya ba ya cin abu ya bar shi a abinci. A ba shi shayi da zafinsa, sai ya ajiye kofin ya zuba masa ido har ya huce, sannan ya tambayi Inna me ya sa shayi ke hucewa da kansa amma ba a taɓa ganin ya yi zafi da kansa ba. Inna ta ce ya shanye kafin ta nuna masa abin da ke yin zafi da kansa a kumatunsa. Bai daina tambayar ba, ya dai daina yi wa Inna ita.

Da ya girma sai ya zama malamin kimiyya a wata sakandare. Shekara ashirin da shida a makaranta ɗaya, aji ɗaya, babur ɗaya wanda sai an tura yake tashi. Ya yi aure, Allah ya ba shi 'ya'ya mata uku. Abokan karatunsa wasu sun zama daraktoci, shi kuwa yana nan yana raba wa yara ma'aunin zafi yana roƙonsu kada su fasa. Ɗalibai suka laƙa masa Malam Rami, don duk darasin da ya ɗauko, ko na tafasa ruwa ne, sai ya ƙare a baƙin rami. Sunan bai taɓa ɓata masa rai ba, har amsawa yake yi.

Yana da shekara arba'in da ɗaya ya yi rajistar digiri na uku a jami'a, yana koyarwa yana karatu. Na ce masa, "Yaya, da furfura?" Ya ce furfura a waje take, ciki bai tsufa ba.

Duk Asabar da hantsi yakan zo shagona, ya ture tarin yadi ya zauna kan kujerar kwastoma, ya fara. Ni ina taka keke, allura a baki, shi yana bayani kamar yana gaban aji.

"Auta, tauraro in ya yi girma ƙwarai, man da yake ƙonawa ya ƙare, sai ya rufta cikin kansa. Wurin ya zama rami. Duk abin da ya tsallake bakinsa ba ya dawowa, ko haske."

"To Allah ya raba mu da shi. Miƙo mini almakashi."

"Tsaya mana. Abin da ya faɗa ciki, labarinsa ya ɓuya mana. Akwai ma'aunin yawan abin da ya ɓuya, ana ce masa entirofi. Kin san yadda ake auna na ramin? Ba cikin buhun ake dubawa ba. Yadin da aka ɗinka buhun da shi ake aunawa."

Wannan ta shige ni, don maganar yadi ce. Da ya ga na ɗago kai, shi ke nan na jawo wa kaina. Ya ce ramin yana da ɗan zafi nasa, yana tsiyayar da shi sannu a hankali, yana ramewa. Ya ce sararin da muke ciki kuma buɗewa yake yi, komai na nesa yana ƙara nesa, har akwai wata iyaka can wadda abin da ya wuce ta haskensa ba zai ƙara iso mu ba. Ita ma iyakar tana da nata zafin da nata entirofin. Ga bakin rami a kusa, ga iyaka a nesa, ɗaya ya fi ɗaya zafi, mu kuma muna tsakiya. Aikinsa shi ne ya gano ko za a iya haɗa lissafin biyun ya zama ɗaya, zafi ɗaya, entirofi ɗaya. Na ce in ya gano sai me? Ya ce sai a sani. Wallahi haka ya ce, sai a sani.

Yaya ba ya iya tunani a zaune, kuma ba ya iya tunani a takarda. Cewa yake takarda ta abin da aka gama ce. A bayan ɗakin gwaje-gwajen makarantarsu akwai wani ɗan sito mai taga ɗaya, inda ake zuba fasassun kwalabe da karyayyun kujeru. Ya share shi, ya mayar da bangon siminti allonsa. In an tashi makaranta sai ya shiga ya yi awa biyu a tsaye. Allin makaranta ya ba shi haushi, yana da kauri, yana cin wuri, kuma in kafaɗa ta goga sai ya tafi. Wata Asabar ya ga ina jan layi a kan yadi da allin tela, ya karɓa ya gwada a bangon shagona. Siriri, kuma ya kama. Daga ranar, duk allin da ya side har yatsa ba ya iya riƙe shi da kyau, sai in jefa a gwangwani, ya zo ya kwashe. Ni da nake zaginsa kan ɓata lokaci, ni ce kuma mai ba shi alli.

Shekara goma sha biyu aka yi a haka. Babi huɗu ya kwafe daga bango ya kai wa Farfesar da ke duba aikinsa, ya wanke bangon ya sake farawa. Na biyar, wanda shi ne amsar, ya ci shekara guda yana kansa. Jami'a ta rubuto masa cewa an ƙara masa lokaci har sau uku, wannan ne na ƙarshe, in zango ya ƙare bai kawo kundi ba za a soke sunansa. Ya nuna mini wasiƙar yana murmushi, ya ce saura ƙiris.

Ranar wata Talata mai shara ta tura ƙofar sito ta same shi kwance a ƙasa, bakinsa ya karkace, guntun alli a hannunsa. Hawan jini ne. Ya san yana da shi, maganin yana aljihun babur, sai ya tuna yake sha. Na yi kuka, na kuma yi fushi, har yau ban san wanne ya fi yawa ba.

Mako uku ya yi a asibiti. Ɓarin damansa ya shanye. Magana ta fara dawowa guntu-guntu, ya gane ni, ya gane matarsa da yaran, yana iya cewa ruwa, yana iya cewa Auta. Na tare likita a baranda na tambaye shi ko kan Yaya yana nan yadda yake. Ya ce, "Hajiya, mun san inda jinin ya toshe, amma ba mu san iyakar abin da ya tafi da shi ba. Sai a hankali."

A hankalin ne ba mu da shi. Farfesa ta kira wayarsa, ni na ɗauka. Dattijuwa ce. Ta ce ta ji abin da ya faru, ta yi mana jaje, sannan ta ce saura kwana goma sha ɗaya zango ya ƙare. In babi na biyar ya zo hannunta cikakke, za ta tsara shi da sunansa, ta tsaya gaban kwamiti ta roƙa a duba kundin a yi la'akari da lafiyarsa. In babu, hannunta a ɗaure yake.

"Kullum in na tambaye shi sai ya ce yana bango," in ji ta. "Na ɗauka wasa yake yi mini."

"Ranki ya daɗe, Yaya ba ya wasa da bango."

Washegari na rufe shago na tafi makarantar. Tun daga ƙofa na ga tulin yashi da bulo a gaban ɗakin gwaje-gwaje. Shugaban makaranta ya karɓe ni da fara'a, ya tambayi jikin Malam, sannan ya ce za a faɗaɗa ɗakin, za a rushe siton, ɗan kwangila zai fara Litinin.

Na ce, "Bangon Yaya za ku rushe?"

Ya ce, "Bangon makaranta dai, Hajiya."

A nan na manta cewa roƙo na zo yi. Na ce mutum ya ba ku shekara ashirin da shida, bai taɓa tambayarku ko fanka ba, ya faɗi a cikin ƙurar sitonku, bai daɗe da tashi daga gadon asibiti ba za ku sa guduma? Na ce in sun fasa bangon nan to su fara ta kaina, don a gindinsa zan shimfiɗa zanena. Malamai suka fara leƙowa ta taga. Mutumin ba mugu ba ne, takarda ce ta zo masa daga sama. Ya share gumi, ya kira ɗan kwangila, suka yi ta ja, daga ƙarshe aka ce za su fara da ɗaya gefen, sito kuwa sai Juma'a da safe. Ya ba ni mabuɗi yana kallon ƙasa.

Na buɗe siton. Ban taɓa shiga ba sai ranar, kuma kunya ta kama ni. Bango huɗu, daga inda hannu ke kaiwa in an taka kujera har zuwa gwiwa, duk rubutu ne ƙanana kamar tururuwa. Ƙarƙashin taga, bayan ƙofa, gefen kantar ajiye kwalabe, babu inda ya bari. Na ɗauki hoto da waya sun fi sittin na tura wa Farfesa. Da yamma ta kira ta ce, "Ina ganin haruffa, amma ba na ganin hanya. Ina farkon? Ina abin da ke bin wane? Talata zan zo da kaina."

Ta zo Talata, da sanda, gwiwarta na ciwo. Mace mai shekara kusan saba'in ta taka kujera ina riƙe da ita, tabarau a kan hanci, tana kwafa a littafi. Matsalar ita ce Yaya ba ya rubutu daga hagu zuwa dama kamar mutanen kirki. Inda ya ga fili nan yake sa alli. Ya fara lissafi a gabas, wuri ya ƙare, ya ƙarasa a bayan ƙofa, ya dawo ya cusa gyara tsakanin layuka biyu na wata uku da suka wuce. Tsarin yana kansa. Ranar Talata ta wuce, Laraba ta kai azahar, Farfesa ta zauna kan wata karyayyar kujera ta cire tabarau. Ta ce ta tara guntaye sun kai arba'in, ta san wasu gwaji ne da ya watsar, wasu ne hanyar gaske, amma ba ta san wanne ya riga wanne ba. A ɗaya gefen ginin ana ta buga guduma, ƙura tana zubo mana daga rufi.

Na tsaya ina kallon bangon don ba ni da abin yi. Ban gane ko layi ɗaya ba. Sai idona ya tsaya kan wani gungu na ruwan hoda a ƙarƙashin taga, na ji kamar na san shi. Allina ne mana. Na sayi ruwan hodan nan lokacin da wani otal ya ba ni ɗinkin labule masu ruwan toka, kuma ban ƙara amfani da shi ba.

"Ranki ya daɗe, wannan na ƙarƙashin taga ya riga wancan mai ruwan ɗorawa."

"Ke kuma ta ina kika sani?"

"Ni na ba shi allin."

Tela ba ta ɗaukar alli don sha'awa, yadi ne ke zaɓa. Yadi mai duhu farin alli, farin yadi shuɗin alli. Kuma aikina kwangila ne, in na kama iri ɗaya sai in yi wata biyu a kansa. Na hau acaɓa na je shago na ɗauko littafin awo, inda nake rubuta kafaɗa da ƙugu da tsawon kowa da ranar da ya zo. Muka buɗe a kan gwiwarta. Farkon shekara rigunan makaranta masu ruwan bula, wato farin alli ke nan. Sai fararen kayan ma'aikatan jinya, shuɗi. Sai labulen otal, ruwan hoda. Sai kuma fari ya dawo, amma wani kamfanin ne, yana da maiƙo, na gane shi da na shafa da yatsa. Na ƙarshe baƙaƙen rigunan yaye ɗalibai, da ruwan ɗorawa na yi su don farin ya ƙare.

Farfesa ta dube ni ta ce, "Ikon Allah." Ta miƙe ba tare da sandar ba.

Yini da rabi muka yi. Ni ina nuna launi, ita tana sa lamba. Wani wurin ma nakan gane inda allin ya fara sabo da inda ya side, don layin yana ƙara kauri. Guntayen suka fara hawa kan juna. Ina jin ta tana magana ita kaɗai, "A'a, ya bar wannan. Yawwa, ga inda ya koma. Kai, Malam!" A karon farko tun faɗuwarsa na ji yunwa. Har na fara tunanin irin rigar da zan ɗinka masa ta ranar karɓar digiri, yadda zan yi wa hannun dama don ya shiga da sauƙi.

Alhamis da la'asar muka iso ruwan ɗorawa. Layi tara ne kawai, a bayan ƙofa, daidai kafaɗa. Ta kwafe takwas. Na tara ya fara, ya yi rabi, ya kai ga 'yan layuka biyun nan na kwance da ke nufin "daidai yake da", bayansu kuma siminti ne. Daga ƙasa akwai wani dogon jan alli da ya gangara har gindin bango. Na san abin da ya ja shi, na kau da kai.

Ta daɗe tana duba na takwas da na tara. Ta cika shafi uku, ta soke. Sannan ta ce, "Tsakanin waɗannan biyun ya yi tsalle. Ya ga wani abu da ya ba shi damar haɗa zafin ramin da na iyakar, bai rubuta ba don a wurinsa a fili yake. Ni ban gan shi ba."

"To ki ƙarasa mana, ba ke ce Farfesa ba?"

"'Yata, ki ba ni shekara, wataƙila. Wataƙila kuma a'a. Kuma in na ƙirƙira na sa, ba nasa ba ne, ba zan kai ƙarya gaban kwamiti da sunansa ba. Layi ɗaya ne ko biyu. Shi kaɗai ya san su."

Na wuce gidan Yaya kai tsaye. Matarsa tana ba shi abinci da cokali. Na ja ta tsakar gida na ce gobe da sassafe zan kai shi sito. Ta ce ba inda za shi, likita ya ce kada a tayar masa da hankali, bangon nan ne ya kwantar da shi, ba za ta bari ya ƙarasa shi ba. Gaskiya ta faɗa. Ni kuwa na ce mata abin da bai kamata ba, na ce shekara goma sha biyu ba ta taɓa tambayarsa me yake rubutawa ba. Ta ce, "Ni nake wanke rigunan da allinki ya ɓata, ni nake ajiye masa abinci ya huce." Muka tsaya muna kuka mu biyu kamar yara. Can ta share fuska ta ce in kawo shi kafin rana ta yi zafi, kuma in ya nuna gajiya in juyo da shi.

Na gwada nuna masa hotunan a waya. Ya kalla, ya lumshe ido. Na ce wa kaina ƙanƙantar rubutun ce, in ya ga bangon da kansa, ya shaƙi ƙurar wurin, komai zai dawo. Na riƙe wannan da hannu biyu don ba ni da wani.

Juma'a da safe maigidana ya aro mota, muka naɗe keken marasa lafiya a baya. Da muka isa, leburori huɗu suna zaune a inuwa da gudumominsu, suna jiranmu. Suka miƙe suka gaishe shi, ɗaya ma tsohon ɗalibinsa ne. Farfesa tana bakin ƙofa da littafinta a buɗe. Na tura shi ciki, na rufe ƙofar don bayanta ya fito, na daidaita keken a gaban layuka taran. Na ciro sabon alli daga jakata, na sa masa a hannun hagu, na naɗe yatsunsa a kai.

"Yaya, ga shi nan. Layi ɗaya ya rage. Ko ba ka iya rubutawa, ka nuna, Farfesa za ta rubuta."

Ya ɗaga kai. Idonsa ya bi layin farko, ya sauka na biyu. Ya juya a hankali ya dubi bangon taga, ya dubi na kanta, ya ɗaga ido har sama inda sai da kujera ake kaiwa. Ya daɗe. Fuskarsa ta saki, na ga sha'awa a cikinta, na ce alhamdulillahi a raina.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Wa... ya rubuta?"

Na durƙusa a gefen keken na ce, "Kai ne, Yaya. Kai ka rubuta duka."

Ya yi dariya da rabin bakin da ke motsi. "Ke dai... tsokana."

Farfesa ta rufe littafinta a hankali. Shi kuwa ya sake kallon inda rubutun ya tsaya, ya girgiza kai kamar malamin da ya ga yaro mai ƙoƙari ya bar tambaya a rabi. Ya miƙo mini allin.

"Ki ce masa... ya ƙarasa."

Na karɓa. Na ce, "To, Yaya, zan gaya masa." Na buɗe ƙofa, na juya keken, na tura shi waje ta gaban leburorin.